Na'urar Daidaita Zafi: Daga Firizar Mai Zoɓo Zuwa Akwatin Ƙyanƙyasa

Na'urar daidaita zafi 'yar akwati ce da girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ana saka ta tsakanin soket ɗin bango da wani abu mai aiki da lantarki, ko firiji ne, ko firiza, ko ƙwan fitila, ko hita. Aikinta guda ne tak. Tana auna zafin wurin da aka ɗora ta a kai, in ya kauce daga inda aka ce mata sai ta saki wuta, in ya dawo sai ta yanke. Masu gyaran firiji suna kiranta tamostat, kuma a gaskiya babu gidan da ke da wuta da ba a san irinta ba. Ita ce ke yin ƙas a cikin dutsen guga idan ya yi zafi, ita ce kuma ke sa firiji ya yi shiru bayan ya ɗau lokaci yana gurnani. Bambancin kawai shi ne, wadda ke cikin firiji tana da abin murɗawa mai lamba 1 zuwa 5 ko zuwa 7, lambobin da ba su gaya wa kowa digiri nawa ne a ciki ba. Ta waje kuwa tana da fuska mai nuna zafi har da ɗigo, kuma mai ita ne ke zaɓa mata lambar da za ta tsaya a kai.

Abubuwa uku ne a jikinta. Akwai waya siririya mai kai kamar ƙwayar gyaɗa, wadda masu gyara ke kira sensa. A cikin kan akwai wani ɗan sinadari da ke rage tare wutar lantarki gwargwadon yadda ya ji ɗumi. Akwai ƙwaƙwalwa da ke karanta wannan canjin ta mayar da shi lamba. Sai makunni mai aiki da kansa, wato rile, wanda shi ne ake jin ƙararsa duk lokacin da ya haɗa ko ya raba wuta. Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, na'urar ba ta kawo zafi, ba ta kawo sanyi. Mai gadi ce a bakin ƙofa, buɗewa da rufewa ne iyakarta. Yawancin asarar da ake yi da ita daga manta wannan take faruwa.

Dabarar ta tsufa, kuma abin sha'awa, da ƙwan kaza ta fara. Mutanen Masar sun shafe ƙarnoni suna ƙyanƙyasar dubban ƙwai a ɗakunan laka, mai kula da ɗakin yana ɗora ƙwai a fatar idonsa don ya ji ko ɗumin ya yi daidai. Wajen shekarar 1620 wani mutumin Holan mai suna Cornelis Drebbel ya ƙera akwatin ƙyanƙyasa da ke rage wa kansa wuta idan ya yi zafi, ta hanyar amfani da zaiba. A 1830 Andrew Ure, ɗan Sikotilan, ya fito da dabarar manne ƙarafa biyu masu bambancin miƙewa, waɗanda ke lanƙwashewa idan sun ji zafi. Irinta ce har yau ke cikin dutsen guga. A 1883 Warren Johnson, malamin makaranta a jihar Wisconsin ta Amurka, ya yi rajistar tamostat mai aiki da lantarki don ɗumama azuzuwa. Ƙananan na'urori masu nuna lamba na wannan zamani akasari a ƙasar Sin ake ƙera su. Waɗanda suka fi yawo su ne STC-1000, wadda sai mai aikin wuta ya haɗa mata wayoyi; da W1209, wani ɗan allo tsirara mai aiki da bolt 12; da Inkbird ITC-308, wadda ke zuwa da fuloginta da soket biyu, ɗaya na abin ɗumamawa ɗaya na abin sanyayawa, ba ta buƙatar ko sukundireba.

A Turai da Amurka masu dafa giya a gida ne suka fi yayata waɗannan na'urori, domin yis ɗinsu yana da tsirfa, in zafi ya ɗan haura sai ɗanɗano ya ɓaci. Wannan ba sana'ar Jigawa ba ce, inda addini da dokar Shari'a da jihar ta ƙaddamar a 2000 suka haramta barasa. Amma ilimin tsimuwa ɗaya ne. Ƙwayoyin halitta ne ke sa nono ya yi barci, su ne ke sa ƙullin burodi da na waina ya tashi, su ne kuma ke sa kunun aya da zoɓo su yi tsami kafin la'asar. Mai yogot tana so ta ba su ɗumin da za su yi aiki, mai kunun aya kuwa so take ta hana su motsi. Na'ura ɗaya ce ke biyan buƙatar su biyun.

Yanayin Birnin Kudu da Gwaram, a jihar ta Jigawa, shi ne ya sa batun ya zama na gaske. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, ɗakin da ke da rufin kwano ma ya fi haka. A hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, rana ta yi kuma a haura 30. Wato a yini guda ana iya samun tazarar digiri goma sha biyar ko fiye. Duk sana'ar da ke buƙatar zafi ya tsaya wuri ɗaya, dole ta yi kokawa da wannan hawa da sauka, ga kuma wutar lantarki da ba ta da lokacin zuwa balle na tafiya.

Kafin a jona komai, akwai lambobi huɗu da ake saita wa na'urar. A STC-1000 sunansu F1 zuwa F4, a wasu kuma haruffa daban, amma ma'ana ɗaya ce. Ta farko ita ce zafin da ake so. Ta biyu ita ce tazara, wato iya kaucewar da aka yafe kafin na'ura ta motsa. Idan aka saita firiza a digiri 4 da tazarar digiri 2, za ta tashi in cikinta ya kai 6, ta tsaya in ya sauko 4. Da babu tazara, da rile zai riƙa ƙas-ƙas ba hutawa har ya ƙone. Mutane da yawa suna matse tazarar nan zuwa rabin digiri don su ga lamba ta tsaya cik, suna ganin hakan ƙwarewa ce. A kan ƙwan fitila babu laifi. A kan firiji kuwa kisan kwamfiresa ne, wato injin da ke sanyaya shi.

Wannan ne ya kawo lamba ta uku, jinkiri. Idan kwamfiresa ta tsaya, iskar gas ɗin da ke cikinta tana matse a gefe guda, tana buƙatar mintuna kafin ta daidaita. In aka tilasta mata tashi nan take, sai ta yi ta ƙugi tana jan wuta ba ta juya ba, wayar cikinta tana zafi. Shi ya sa ake saita jinkirin minti 3 zuwa 5. A inda ake ɗauke wuta a dawo da ita cikin ƙiftawar ido, ko ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, wannan jinkirin kaɗai ya isa ya biya kuɗin na'urar, muddin irin wadda ke ƙirga jinkirin tun daga dawowar wuta ce. Gwada hakan ba wuya: a zare fulogi, a mayar, a ga ko za ta dakata.

Ta huɗu ita ce gyaran awo. Sensa mai araha tana iya ƙarya da digiri guda ko fiye, kuma ba za ta faɗa ba. Ana kama ta da ƙanƙara: a farfasa ƙanƙara a cika kofi, a zuba ruwa kaɗan, a gauraya, a tsoma sensar na 'yan mintuna. Lambar da ya kamata ta nuna ita ce sifili. In ta nuna 1, sai a rage mata 1. Ga mai ƙyanƙyasa akwai hanyar da ta fi wannan, domin kusa da digiri 37 yake aiki ba kusa da sifili ba. Ya sayi ma'aunin zafin jiki irin na asibiti a kemis, wanda aka yi shi musamman don awo tsakanin digiri 35 da 42, ya ɗaure shi da sensar, ya tsoma su tare a ruwa mai ɗumin jiki, ya daidaita na'urar da abin da ma'aunin ya nuna. A kuma duba ko na'urar a Selsiyos take ko a Farenhait, domin 37.5 a wancan shi ne 99.5 a wannan, kuma wasu takardun da ke zuwa da injinan ƙyanƙyasa da ma'aunin Amurka aka rubuta su.

Sai batun nauyin kaya. A jikin yawancin waɗannan na'urori an rubuta amfiya 10. Wutar Najeriya bolt 230 ce, in aka ninka su za a samu wat 2,300. Wannan lissafi na ƙwan fitila da hita ne, masu jan wuta bai ɗaya. Kwamfiresa ba haka take ba. A daƙiƙar da take tashi tana fizgar ninki uku zuwa shida na abin da take ci in ta miƙe. Firizar gida mai cin wat 100 zuwa 200 ba ta da matsala. Babban firijin shago ko ɗakin sanyi kuwa sai an sa kwantakta, wato babban makunni, a tsakani, na'urar ta riƙa ba da umarni kawai, kwantakta ta ɗauki nauyin. Jona firiza biyu da hita a kan soket guda ta siririyar wayar joni, wannan ba tattali ba ne, gayyatar gobara ce.

Amfani mafi yawa a kasuwanni irin na Birnin Kudu da Sara shi ne mayar da firiza ta zama firiji. Mai sayar da zoɓo, kunun aya, yogot ko fiya wata sau da yawa firiza mai buɗewa ta sama take da ita. In an samu wuta ta kwana, sai a wayi gari komai ya daskare, robobi sun kumbura, kwalabe sun fashe, yogot ya tsinke in ya narke. Da na'urar, sai a murɗa tamostat ɗin firizar zuwa ƙarshen sanyi don kada ya sa baki, a jona firizar a jikin na'urar, a saita digiri 3 ko 4. Irin wannan firiza ta fi firiji mai tsaye riƙe sanyi, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta. Ana buɗe ƙofar firiji take zubowa ƙasa, a firiza kuwa tana kwance kamar ruwa a randa.

Inda aka ajiye sensa shi ne rabin aikin. In ta taɓa bangon firiza, inda bututun sanyi ke bi, za ta ji sanyi kafin kaya su ji, ta kashe wuta da wuri. In tana reto kusa da murfi, duk buɗewa sai ta ɗauka zafi ya shigo. Abin da ya fi shi ne a manna ta a jikin robar ruwa guda a tsakiyar kaya, a rufe bayanta da ɗan soso, ta yadda abin da take ji shi ne sanyin abin sha ba na iska ba. Akwai kuma ruwan da ke taruwa a ƙasa, tun da raɓar da ta saba daskarewa a bango yanzu gangarowa take. Sai an riƙa buɗe ramin tsiyaya ko a goge, in ba haka ba tsatsa da fumfuna su biyo baya.

Sai dai ba kowa ne wannan dabara ta dace da shi ba, kuma masu tallar na'urar ba su cika faɗa ba. Ƙanƙara rumbun sanyi ce. Kilo guda na ƙanƙara kafin ya narke yana shanye zafin da zai iya ɗaga kilo guda na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. A unguwar da wuta ke zuwa awa huɗu ta tafi awa ashirin, wanda ya hana firizarsa daskarewa ya hana kansa ajiyar da za ta kai shi gobe. Ga irin wannan, gara ya bar firizar ta yi ƙanƙara a jarkoki, ya riƙa ɗiba yana sa wa kaya a kula. Na'urar ta fi amfani ga mai sola ko mai wuta wadatacciya. Kuma ba kowane kaya ke son sanyi mai tsanani ba. Tumatir, ayaba da mangwaro suna lalacewa in suka daɗe ƙasa da kamar digiri 10 zuwa 12. A nan dabarar Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ba ta tsufa ba: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Da ita ya ci kyautar Rolex a 2000, kuma a busasshen iskar hunturu da bazara tana sanyaya kayan miya ba tare da ko waya ɗaya ba.

A ɓangaren nono, matan Fulani da ke kawo shi gari sun san sirrin tun kaka da kakanni: a tafasa madara, a bari ta huce, a zuba ɗan tsohon nono, a rufe ƙwarya ta kwana. Abin da ba ya hannunsu shi ne yanayi. A hunturu nonon kan ƙi yin barci, a bazara kuma ya zarce ya yi tsami ya fitar da ruwa. Yogot na kanti ya ma fi tsirfa, domin ƙwayoyin halitta biyu da ke yin sa sun fi aiki tsakanin digiri 42 da 45. Ana ɗumama madarar zuwa kamar digiri 85 a riƙe ta a nan na rabin awa, abin da ke kashe ƙwayoyin cuta ya kuma sa yogot ɗin ya yi kauri. Sai a bari ta sauko zuwa 43, a zuba iri, a riƙe ta a wannan ɗumin awa 4 zuwa 6. Akwatin katako ko tsohon firiji da ya mutu, da ƙwan fitila guda ko biyu a ƙasa, da na'urar da aka saita a 43 da tazarar digiri 1, sun isa. Da zarar ya kama sai a kai shi sanyi, ƙasa da digiri 5, in ba haka ba tsamin ba zai tsaya ba. Wasu kan tsoma hitar dafa ruwa a cikin baho su jera robobin a ciki. Yana aiki, amma ruwa da wuta da jiƙaƙƙen hannu a ɗaki ɗaya haɗari ne da akwatin ƙwan fitila ba shi da shi. Na'urar kuma ba ta maye gurbin tafasawa. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, kuma digiri 43 ɗumin da ƙwayoyin cuta da yawa ke jin daɗinsa ne.

Inda na'urar ta fi nuna kanta, inda kuma ta fi saurin tona asirin mai sakaci, shi ne akwatin ƙyanƙyasa. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar gida mai jan fuska kwana 35. Dukkansu suna son ɗumi tsakanin digiri 37.5 da 37.8 a akwatin da ke da fanka. Zabi da damina suke zuba ƙwai, kuma zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa a ƙauyuka ake sa wa kaza ƙwanta. Amma kaza guda ƙwai nawa za ta rufe? Akwatin da aka haɗa da katako ko tsohon firiji yana ɗaukar ɗari ko fiye a lokacin da ƙwan zabi ya fi araha.

A nan ana matse tazara, 0.2 ko 0.3, jinkiri kuma a mayar da shi sifili tun da babu kwamfiresa. Ƙwan fitilar dole ya zama tsohon yayi mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu. Fitilun zamani masu tattalin wuta haske suke bayarwa, ɗuminsu kaɗan ne. Biyu masu wat 60 sun fi ɗaya mai wat 100, domin in ɗaya ya mutu da tsakar dare ɗayan zai riƙe. Fanka ba a jikin na'urar ake jona ta ba, kai tsaye ake ba ta wuta ta yi ta juyi dare da rana, in ba haka ba saman akwati ya yi zafi, ƙasa ya yi sanyi. Sensa kuwa a tsayin saman ƙwai ake ɗaure ta, a tsakiyar tire, inda hasken ƙwan fitila ba ya dukanta. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, a kunna akwatin babu komai a ciki ya yi yini da kwana, ana duba shi da ma'aunin asibiti a kusurwa huɗu, kafin a saka ƙwai ko ɗaya.

Na'urar ba ta san danshi ba, ba ta juya ƙwai. Waɗannan na mai akwati ne. Ana son danshin iska kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. A hunturu sai an faɗaɗa tiren ruwa sosai kafin a kai hakan, a Agusta kuwa wani lokaci iskar da kanta ta wadatar. Ana juya ƙwai aƙalla sau uku a yini, a daina a rana ta 18 ga na kaza.

Babban tarkon yana cikin bazara. Akwatin da ke da ƙwan fitila kawai, abin da na'ura za ta iya yi masa shi ne kashe fitilar. In ɗakin da kansa ya kai digiri 41 da azahar, fitila a kashe take, lamba tana hawa, na'ura kuwa ba ta da abin yi. Ɗan tsako a cikin ƙwai ya fi jure sanyi a kan zafi. Ai kaza ma takan tashi ta je kiwo ta dawo. Amma 'yan awoyi sama da digiri 40 suna iya kashe tire guda. Abin ya fi muni a makon ƙarshe, lokacin da 'yan tsakin ke fitar da ɗumin jikinsu. A nan ne soket na biyu, na abin sanyayawa, ke da rana: a jona masa fanka mai zuƙe iska waje. Ita ma fankar ba za ta sauko da akwati ƙasa da zafin ɗakin ba, don haka sai an nemi ɗaki mafi sanyi a gidan. Ginin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin siminti mai kwano nesa ba kusa ba. Ƙwan da ake tarawa kafin a saka ma haka ne: a zafin bazara yana fara rayuwa tun yana cikin kwando, ya mutu a hanya. Ana son a ajiye shi tsakanin digiri 13 da 18, kada ya wuce mako guda, aikin da firiza mai na'ura ke yi daidai.

Bayan ƙyanƙyasa, 'yan tsaki suna buƙatar digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kamar digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe su. Nan ba sai an tsananta ba, domin su da kansu ma'auni ne: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa.

Batun wuta shi ne ke raba mai riba da mai asara. Kwana 21 ba tare da yankewa ba abu ne da ba a dogara da wutar gari a kansa, shi ya sa W1209 mai bolt 12 ta samu karɓuwa, tun da kai tsaye take aiki da batir da farantin sola, ba sai da inbata ba. Lissafin ba shi da wuya. Abin ɗumamawa mai wat 60, in jimillar lokacin da yake kunne cikin dare ta kai awa 10, ya ci wat-awa 600. A raba da bolt 12, an samu amfiya-awa 50. Batir irin na dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka mai amfiya-awa 100 ake buƙata, da farantin da zai cika shi washegari ko da gari ya yi hazo ko hadari. Jera robobin ruwa a ƙasan akwati yana taimakawa, domin ruwa yana riƙe ɗumi ya sake shi sannu a hankali idan wuta ta yanke. A bolt 12 kuma amfiya tana da yawa, saboda haka waya mai kauri ake sa wa, da fis kusa da batir.

Akwai masu tunanin ajiye magani a irin wannan firiji na haɗin gida. Alluran rigakafi da insulin na masu ciwon sukari suna son digiri 2 zuwa 8, kuma da yawansu daskarewa sau ɗaya ta isa ta kashe su, ba tare da kamanninsu sun canza ba. Ga mai kaji da ke ajiye rigakafin cutar Niyukasil ko Gumboro na 'yan kwanaki, firiza mai na'ura da aka saita a digiri 5, maganin yana cikin roba a tsakiya ba ya taɓa bango, ta fi firijin da ba a san zafinsa ba. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wani rigakafin Niyukasil mai jure zafi, wanda aka yi don irin kajin ƙauye, ko da yake shi ma a sanyi ake ajiye shi in zai daɗe. Rigakafin yara da jini kuwa aikin asibiti ne, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da cibiyoyin lafiya na matakin farko, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ajiye su a firijin da aka ƙera aka kuma tantance don wannan aiki, ana rubuta zafinsa safe da yamma.

Na'urar da kanta tana lalacewa, kuma ta hanya biyu. Sensa tana iya tsinkewa, ko ɓera ya ci wayar, ko ruwa ya shiga kanta. Masu kyau sukan yanke wuta su yi ƙara su nuna alamar kuskure. Wadda ta fi haɗari ita ce lalacewar rile. Bayan dubban haɗuwa da rabuwa, bakin ƙarfensa yana iya narkewa ya manne. Fuskar na'ura za ta nuna ta kashe wuta, alhali wuta na ci gaba da wucewa. A firiza sakamakon shi ne kaya su daskare. A akwatin ƙyanƙyasa kuwa ƙwai ne za su dahu, in akwatin katako ne ma ya kama. Kariyar farko ita ce kada a sa abin ɗumamawar da ya fi ƙarfin akwatin. A sa wanda ko an bar shi kunne ba zai kai ga ƙona komai ba. Ta biyu ita ce a jera na'ura ta biyu a kan layin wutar, a saita ta digiri ɗaya da rabi sama da ta farko, kamar 39, ta zauna ba ta aikin komai sai ranar da ta farkon ta manne. Ita kuma na'urar a waje ake kafa ta, nesa da danshin ciki da ƙurar hunturu, sensa kaɗai ke shiga ta ɗan rami, a toshe gefen ramin da soso.